Yadda zaka nemo mai gyaran tsohuwar bindiga mai liba a Kano ba tare da ka jawo wa kanka rigima ba

Akwai 'yan gidaje a garin nan, ba su da yawa dai, da har yanzu ake ajiye da tsofaffin bindigogin nan masu liba, wato irin wadda zaka tura hannun ƙarfen da ke ƙarƙashin kunama yayi ƙasa ka dawo da shi sama, kwanso ya fice sabon harsashi ya hau. Yawanci ta kaka ce ko ta baba, an naɗe ta a tsohon bargo an tura bayan wadirob ko saman silin shekara da shekaru, sai wata rana a ɗauko aga liba ta ƙi motsi ko tana motsi amma tana cijewa a rabin hanya. Daga nan sai tambaya ta taso, wa zai gyara? Kuma amsar da mutum zai fara ji a majalisa ita ce ai akwai wani maƙeri a wuri kaza, hannunsa akwai albarka, har bindigar toka yana ƙerawa. To ɗan uwa tsaya tukuna, neman mai gyara shine mataki na uku ko na huɗu, akwai abubuwan da suka riga shi.

Na farko takarda. Na san ba abinda kake son ji bane amma a Najeriya maganar bindiga daga takarda take farawa, kuma duk mai gyaran da yasan abinda yake yi kafin ya kalli bindigar lasisinka zai fara tambaya. Dokar makamai ta 1959 wadda har yau ake aiki da ita ta kasa bindigogi gida uku. Akwai waɗanda aka haramta wa farar hula sai da izinin shugaban ƙasa, irin su fistol da mashinga da bindigogin soja. Akwai na amfanin kai, irin bindigar harbin tsuntsu da bindigar farauta mai dogon zango, lasisinsu yana hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Sai kuma irin namu na gargajiya da ake ɗura wa albarushi ta baki, waɗanda al'amarinsu ke hannun kwamishinan 'yan sandan jiha. Bindiga mai liba in dai ta farauta ce a gida na biyu take faɗawa, amma akwai wani ɗan tarko da mutane basu lura da shi ba. Dokar ta lissafa bindigogin soja da girman harsashi ne, 7.62 da 9 na milimita da .300 da .303 na inci, ita kuwa bindiga mai liba da tafi kowacce yawa a duniya harsashin .30-30 take ci, kaga kenan lambar ta matso kusa da layin sosai. Kar ka yanke wa kanka hukunci a ɗaki kace ai tawa ta farauta ce, bari masu ba da lasisin su faɗa maka da bakinsu gidan da suka saka ta.

Sannan lasisi ba a gadonsa. Wannan shine inda yawancin mutane ke faɗawa, mutum zai nuno maka tsohuwar takarda mai sunan marigayi yace ai bindigar nan da lasisinta. Lasisin mutum aka ba, ba bindiga ba. Dokar ta ba wa magada kwana 14 ne kawai bayan rasuwa su riƙe ta, daga nan ko dai a samu izini da sunan mai rai ko a miƙa ta ajiya hannun hukuma. In an wuce wannan da shekaru, wanda shine halin da yawancin gidaje ke ciki, to shawarata kar ka ɗauko bindigar ka nufi ko'ina da ita, ka fara ganin lauya, ku rubuta takarda, kuje hedikwatar 'yan sanda da ke Bompai da takardun marigayi da hoton bindigar da lambarta, ita kuma tana gida a kulle har sai sun faɗa maka yadda za a yi. Ka kuma shirya ranka, a 2023 rundunar 'yan sanda ta sanar da dakatar da ba da sabbin lasisin bindiga saboda yanayin tsaro, saboda haka abu na farko da zaka tambaya shine me ake ciki yanzu. Zai iya yiwuwa amsar ta zama ajiya kawai, kuma ajiya a hannun hukuma da rasiti a aljihunka ta fi kwana a sel nesa ba kusa ba.

Sauran bayanin nan duk na wanda takardarsa ke kan ƙa'ida ne, an sabunta ta, sunansa ne a kai.

Kafin kowa ya taɓa ta ka tabbatar babu komai a ciki. Irin waɗannan bindigogin suna ajiye harsasai ne a wani siririn bututu da ke ƙarƙashin babban bututun, ɗaya bayan ɗaya, sifirin yana turo su baya. In bindiga ta daɗe a ajiye tsohon mai ya daskare da ƙurar hunturu, harsashi yana iya maƙalewa can cikin siririn bututun, kayi ta buga liba sau biyar ba abinda ya fito kace wayam ce, ana ɗan girgiza ta a mota sai ya sauko. Don haka ka juya bakinta inda babu mutum, yatsa nesa da kunama, ka buɗe liba ka haska da tocilan ka leƙa ɗakin harsashi, sannan ka leƙa bakin siririn bututun har sai kaga ɗan murfin da sifirin ke turawa da idonka. In liba ta ƙi buɗuwa gaba ɗaya to ka ɗauka a ɗure take, kar ka dake ta da guduma, kar ka zura mata rodi ta baki, kuma ka faɗa wa mai gyara tun a waya cewa baka iya tabbatarwa ba. Tsofaffin harsasan da ka samu tare da ita, masu koren tsatsa a jiki, kar ka gwada su wai kaga ko tana tashi.

Sai ka san me kake riƙe da shi, domin in baka san sunan bindigarka ba kowa zai iya faɗa maka abinda yaga dama. Ka goge saman bututun da tsumma da ɗan mai kaɗan ka karanta rubutun, akwai sunan kamfani da samfuri da lambar harsashi, lambar bindigar kuma ka duba ƙasan gangar jikinta ko wajen da ƙarfe ya shiga cikin ƙota. Mafi yawa dai Winchester ce ko Marlin, duk 'yan Amurka. Winchester samfurin 1894 wadda John Browning ya zana ita ce uwa, an ƙera sama da miliyan 7, masana'antarsu ta New Haven ta rufe a 2006, na yanzu a Japan ake yinsu. Tsofaffin nata ta sama suke wurgo kwanso. Marlin 336 kuwa ta fito a 1948, samanta a rufe yake, ta gefe take fitar da kwanso. Akwai Savage 99 wadda ita ba ta da siririn bututun ma, wani abu ne mai juyawa a cikinta yake riƙe harsasai, akwai kuma Rossi ta ƙasar Birazil da ta kwaikwayi Winchester 1892. Wannan bambancin ba na ado bane, yadda ake kwance kowacce daban ne, kayan wannan basa shiga waccan, kai ko a Winchester 94 ɗin ma wadda aka yi kafin 1964 da ta bayan 1964 akwai kayan cikin da basa musanyuwa, saboda a shekarar kamfanin ya canza yadda yake ƙera ta don rage kuɗin aiki.

Lambar harsashin ka rubuta ta daidai yadda take. In kaga 30 W.C.F. to shine .30-30, tsohon sunansa kenan. Amma akwai .32 Winchester Special wanda a ido kamar tagwaye suke da .30-30 alhali ba ɗaya bane. In kuma kaga .44-40 ko .38-40 ko .32-20 ko .38-55, waɗannan asalinsu harsasan zamanin baƙin albarushi ne, bindigar tana iya haura shekara 100, ƙarfenta ba irin na yanzu bane, kuma lissafin gyaranta ya canza gaba ɗaya.

To yanzu ina za a nemo mutumin? Gaskiyar magana a Kano ba zaka ga shago da allo an rubuta ana gyaran bindiga kamar yadda ake gyaran waya a Farm Centre ba, kuma dalilin doka ne. Doka ta hana kowa ƙerawa ko haɗawa ko gyara bindiga sai a ma'ajiyar makamai ta hukuma, ko kuma wanda Sufeto Janar ya ba izinin gyara a rubuce, ko dilan bindigogi mai rajista. Kuma izinin ma kala biyu ne, akwai na masu ƙira da gyaran bindigogin gargajiya, akwai na gyaran irin taka. Wanda yake da na farko bashi da hurumin taɓa ta biyun. Don haka ƙofar farko ita ce dai ofishin da ke kula da lasisin bindiga a Bompai, kaje da lasisinka, kayi sallama cikin ladabi kace yallaɓai ina da bindiga mai lasisi tana buƙatar gyara, wa kuka sani da izini a jihar nan ko makwabta, kuma wace takarda zan riƙe in zan kai ta. Ko masu kula da ɗakin makamansu su duba ta ko su nuna maka wanda ke cikin rajistarsu, duk wanda ya kasance ka nemi a rubuta, kar ka yarda da "kawo kawai zamu san yadda za a yi" a bakin get.

Ƙofa ta biyu dilolin da ke da rajista, in ka san inda aka sayi bindigar ko inda ake sayen harsashinta bisa ƙa'ida to su ne suka fi kowa sanin hannun da ke aiki mai kyau, don su ake dawo wa da ƙorafi. Ta uku tsofaffin mafarauta masu lasisi da dattawan da suka yi ritaya daga aikin soja ko ɗan sanda a ɓangaren makamai. Waɗannan zasu baka labarin wane ya iya wane ya ɓata bindigar wane, ka saurara da kyau, amma sunan da suka baka ka koma ka tantance shi da hukuma, domin iya aiki daban izini daban. Wani dattijon ya ƙware sosai a bindigar soja, ya kwance ta ya haɗa ido a rufe, amma bai taɓa buɗe cikin Winchester ba, kuma in mutumin kirki ne da kansa zai faɗa maka. Ka kuma sa a ranka cewa mai yiwuwa sai ka fita Kano, Kaduna ko Abuja ko ma Legas. Abinda ba zan baka shawara ba shine ka sa hoton bindiga a Facebook ko guruf ɗin WhatsApp kana cigiyar mai gyara, a yanayin da ake ciki ka sanar da ɓarayi ne cewa akwai bindiga a gidanka, kuma waɗanda zasu fara yi maka magana ta inbos sune waɗanda bai kamata ka haɗu da su ba.

Maƙeranmu fa ba raina su nake ba. Wanda yaga aikin maƙeran cikin birni ko na Tamburawa yasan akwai hannu, kuma bindigogin da ake bugawa a hawan sallah ai mutane ne ke kula da su shekara da shekaru. Amma bindigar toka bututu ce da kunama da wurin zuba albarushi, kuma ƙarfin fashewar da ke cikinta kaɗan ne in aka kwatanta da harsashin zamani. Cikin bindiga mai liba kuwa kamar cikin keken ɗinki yake, ƙananan ƙarafa ne da dole kowanne ya motsa a daidai lokacinsa, in ɗaya ya riga ɗaya da kaurin farce komai ya cije. Wuta da guduma da walda, waɗanda sune ƙarfin maƙeri, sune ainihin abubuwan da ke kashe irin wannan bindigar. Ƙarafan da ke kulle bayan harsashi an gasa su ne da wani ma'auni a masana'anta, in aka sa musu wutar walda sai suyi laushi ko suyi gautsi, a ido ba zaka gane ba, ranar harbi kuma fuskarka ce a bayansu. Haka masu injin sassaƙa ƙarfe na wajajen Ƙofar Ruwa, sun iya fitar da ƙarfe daidai awo, amma sai dai shi mai gyaran mai izini ya san me zai sa a yi da irin ƙarfen da za a yi da shi, ba kai ka kwance ka kai musu guntu a leda ba.

In ka samu suna, ka fara zuwa hannu rabbana, da hotuna a waya da takardar da ka rubuta bayanan. Gaisuwa tukuna, in dattijo ne ka ce baba, ka zauna ka bar shi yayi magana, a nan zaka gane shi. Ka nemi ganin izininsa, ba rashin kunya bane, mai gaskiya ma daɗi zai ji don yasan ba zaka jawo masa masifa ba. Ka lura ko ya tambayi lasisinka, in bai tambaya ba ka sallame shi cikin mutunci ka kama hanya. Ka duba ko yana da littafin da yake rubuta bindigar da ta shigo da wadda ta fita, ka duba inda yake kulle kayan mutane da dare.

Sai ka kalli teburin aikinsa, musamman sukudirebobinsa. Wannan ƙaramin abu ne amma ni a wurina ya fi dogon surutu. Sukurorin bindiga bakinsu siriri ne mai zurfi, suna son sukudireba mai miƙaƙƙen baki da ya cika ramin cif, kowane sukuru da nasa. Sukudireban kasuwa mai baki kamar tsinin gatari zamewa yake, ya tauna kan sukurun ya karce jikin bindigar, kuma zaren waɗannan sukurorin na kamfanin ne, ba zaka shiga Sabon Gari ka samo madadinsu ba. In ka ga bindigogin da ke hannunsa duk kawunan sukurorinsu a tattaune, haka taka zata dawo.

Tambayoyin da zaka yi masa ba sai sun yi yawa ba. Baba ka taɓa buɗe irin wannan? Ta ina ake fitar da ƙarfen da ke tura harsashi? Wanda ya san Marlin zai ce maka sukurun liba guda ɗaya ake cirewa, liba ta fito, ƙarfen ya zaro ta baya, har ya gargaɗe ka da ɗan ƙaramin ƙarfen da ke wurgo kwanso wanda ke faɗowa ya ɓata. Wanda ya san Winchester 94 zai ce wannan sai an zauna, akwai fil da sukurori da dole a bi su a jere. Ka tambaye shi yaya yake auna tazarar da ke tsakanin gindin harsashi da fuskar ƙarfen da ke kulle shi. Wannan ita ce tambayar da ke raba masani da mai cika baki, domin a tsohuwar bindiga mai liba makullin yana can baya ne, da yawan harbi yana cinyewa tazarar ta ƙaru, kwanso ya riƙa miƙewa har wata rana ya tsage iskar wuta ta dawo baya. Akwai 'yan ƙarafan awo masu siffar harsashi da ake gwada wannan da su, sai wanda ya dace da lambar harsashin. In yace shi da ido yake ganewa, to idonsa ya riƙe. Sannan ka tambaye shi da me yake gwada hawa da saukar harsashi, amsar da kake son ji ita ce da harsashin wasa mara albarushi, ba mai rai a cikin shago ba.

Yana da kyau kaima ka iya bayyana ciwon, don "ta lalace" ba bayani bane. Liba tana cijewa wajen buɗewa ne ko wajen rufewa? Harsashi biyu ne ke fitowa lokaci ɗaya su toshe ciki? Wannan sanannen ciwon tsohuwar Marlin ne, gefen liba ne ke cin ɗan cokalin da ke ɗaga harsashi har yayi masa rami, kuma wani lokacin ma sukurun ƙofar da ake ɗura harsashi ta gefe ne kawai ya saki. Kwanso yana maƙalewa bayan harbi? Ko faratan da ke jawo shi ne suka gaji ko ɗakin harsashin yayi tsatsa. An ja kunama amma bindigar bata tashi ba? Ko allurar da ke dukan gindin harsashi ta karye ko tsohon giris ne ya daskare ya riƙe ta. Hama, wato ɗan ƙarfen bayan bindiga da ke dukan allurar, tana zamewa daga matsayin rabi in an taɓa kunama? Wannan kar ka ɗauke shi da wasa, a tsofaffin nan wannan ɗan tsagin na rabi shine kusan duk kariyar da suke da ita. Kuma ka sani da yawa daga cikin bindigogin da ake cewa sun mutu datti ne kawai, ƙurar Kano da man da aka zuba tun zamanin kaka sun haɗu sun zama kamar ƙaro. Mai gyara na gari zai ce bari in wanke ta tukuna sannan muyi maganar me ya lalace, wanda kuma tun bai buɗe ba ya lissafo maka kaya biyar da za a canza, ka san inda ya dosa.

Wani abu kan cikin bututu. Marlin daga shekarun 1950 ta daɗe tana yin tsagin cikin bututunta ƙanana masu yawa marasa zurfi, haka kamfani ya yi shi, wanda bai sani ba yana leƙawa zai ce ai bututun ya cinye. A Winchester kuma wurin dubawa shine bakin bututun can ƙarshe, saboda ta baki aka saba wanke ta, sandar wanki tana goge gefen har saiti ya ɓaci.

Sai abinda zaka hana shi yi, kuma ka faɗa tun farko a gaban shaida, don wani da kyakkyawar niyya zai so ya burge ka. Kar a sa mata samfefa, kar a kai ta injin goge ƙarfe, kar a yi mata fenti ko kuros. Wannan launin ruwan ƙasa-ƙasa da ya hau jikin tsohon ƙarfe ba datti bane, kuma a wurin masu sanin darajar tsofaffin bindigogi wadda aka goge tayi ƙyalli ta faɗi warwas. Wasu Winchester ɗin bayan 1964 ma gangar jikinsu wani irin ƙarfe ne da baya karɓar baƙin rini yadda ya kamata, ana ƙoƙarin sabunta shi sai ya fito jaja-jaja, a garin neman gira a rasa ido. Abu mafi girma kuma lambar bindigar, duk abinda zai dusar da ita ko ya shafe ta ya mayar da halastacciyar bindigarka abin tuhuma, lasisinka da lambar nan yake aiki. Haka yanke bututu ko canza lambar harsashin da take ci, babu ruwanka. Ƙotar katakon in ta tsage, yawanci a wuya take tsagewa inda ta haɗu da ƙarfe, saboda mai yana gangarowa ya jiƙa itacen in an jingine ta a tsaye shekaru, ana iya tsotse man a manne ta da gam mai ƙarfi, ba sai an buga mata ƙusa ko an naɗe ta da waya ba. In gara ce ta ci sai an sake, amma tsohuwar ka karɓi abarka ka ajiye.

Kayan gyara shine inda haƙuri ke ƙarewa. Zaka shiga intanet kaga ɗan ƙarfen da kake nema a shagon Amurka da 'yan daloli kaɗan, zuciya tace ai sai in sa ɗan uwana ya sako min a jaka. Kar ka soma. A dokarmu sashen bindiga ma bindiga ne, shigo da shi sai da izini, su ma can Amurkan suna da dokar fitar da irin waɗannan kaya, kuma wanda za a tsare a filin jirgi ɗan uwan naka ne da bai ji ba bai gani ba. Hanyar ita ce ta dila mai rajista, zata ɗauki watanni, kuɗin kuma zai ninka. Ka tambayi mai gyaran tun farko, in ya zama sai an canza wani abu daga ina zai fito, kuma duk abinda aka cire a dawo maka da shi.

Kuɗi kuma kuyi shi kashi biyu, kuɗin dubawa da wankewa daban, kuɗin gyara sai bayan ya faɗa maka abinda ya gani. Kar ka biya duka a gaba. Ranar miƙawa ku rubuta takarda kofi biyu, sunan bindiga, lambarta, lambar lasisinka, ranar da aka karɓa, aikin da aka amince, ranar da ake sa ran gamawa, kowa ya sa hannu, ka ɗauki hotonta ta kowane gefe a gabansa. Harsashi ko ɗaya kar ka bar masa sai in takarda ta nuna. A hanya kuma babu komai a cikinta, tana cikin jaka ko akwati a kulle a but, lasisi na asali da katin shaida da takardar da aka baka suna jikinka, da rana, a motarka ko ta wanda ka yarda da shi, ba a adaidaita sahu ba. In an tsayar da kai a shinge hannunka a kan sitiyari, kai zaka fara faɗa, yallaɓai akwai bindiga mai lasisi a but zan kai gyara ga takardu, kar ka bari su gano ta da kansu.

Ranar karɓa ka duba lamba ka gwama da hotunanka, ka sa ya gwada ta da harsasan wasa a gabanka tun daga ɗurawa har fitarwa, a hankali sau ɗaya da sauri sau ɗaya, ka ja hama zuwa rabi ka matsa kunama kaga ta riƙe. Harbin gwaji a wurin da hukuma ta yarda za a yi, ba bayan gari ba don kawai babu mutane, kuma kwanson farko a ɗauko a duba, in ya kumbura ko gindinsa ya turo ko akwai wani zobe mai haske kusa da ƙasansa a tsaya nan. Harsashin da zaka riƙa sa mata, in mai siririn bututu ce, sai mai faffaɗan kai ko mai dunƙulallen kai, domin a ciki kan wannan yana tokare da gindin na gabansa ne, mai tsini yana iya tayar da na gaban in bindiga ta girgiza.

Zai iya yiwuwa kuma bayan duk wannan zirga-zirgar dattijon ya wanke ta ya auna ya ce maka ɗana wannan ta gama aikinta, tazarar ta wuce ƙa'ida ko ɗakin harsashin ya rarake, a shafa mata mai a ajiye. In haka ta faru ka biya shi kuɗin dubawarsa da godiya, kar ka ɗauke ta ka tafi neman wanda zai ce maka zai iya, don tabbas zaka same shi. Ka sa a rubuta maka abinda aka gani ka haɗa da lasisin, ka ci gaba da sabunta shi ko ka miƙa ta ajiya, a gida kuma a kulle ta bakinta yana kallon ƙasa don kar mai ya koma cikin ƙota, a fito da ita a goge kafin damina da bayanta, kuma a faɗa wa wanda zai gaje ta cewa ba ta harbi bace.